Shanu Biyu, Duka Na Dama

A Dangora in ka ce kana neman Malam Ubale, sai a tambaye ka wanne, don sun kai uku. Amma in ka ce Ubale mai Latin, ko akuya ka tara sai ta nuna maka gidan. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a firamare, sha biyun ƙarshe yana hedimasta, amma duk ba wannan ne abin taƙamarsa ba. Abin taƙamarsa shi ne shekara biyun da ya yi yana saurayi a wata kwaleji a Zariya, inda wani tsohon malami ɗan Gana ya koya musu harshen Rumawan da, kafin a soke darasin. Abokan karatunsa duk a bakin ƙofar makaranta suka zubar da nasu. Shi kuwa ya ƙunso nasa ya kawo gida, tare da wani littafi da ya daɗe da rabuwa da bangonsa, ya ci gaba da barbaɗa wa mutanen gari, ko sun nema ko ba su nema ba.

Akwai wasu kalmomi da ya fi so, waɗanda in ya fara bayaninsu gara ka nemi wurin zama. Rumawa, in ji shi, mutane ne masu tsantseni, ba sa cuɗa abubuwa. Abin da ya yi kama da wani, similis suke ce masa. Tsaranka, wanda in an jera ku ba mai ɗara wani, shi ne par. Abin da ya zauna daidai kamar mudun da aka shafe bakinsa, aequus ke nan. Sai kuma socius, abokin tarayya, wanda kuka haɗa hannu a kan abu guda. Matarsa Dije, wadda ta shekara arba'in da uku tana shan wannan karatu, takan ce ita dai ba ta ga dalilin zuwa har Rum a ɗauko kama da tsara da daidai ba, alhali ga su nan zube a tsakar gida.

Abu guda ne ba a ambata a gaban Malam. Kunnensa na dama ya ajiye aiki tun wani zazzaɓi da ya yi shekara goma sha biyar da suka wuce. Kowa ya sani, shi ma ya sani, amma in ka yi masa magana ta wannan gefen bai ji ba, to laifinka ne. Mutanen zamani, a faɗarsa, a ciki suke magana, kamar an sa wa murya haraji. Duk garin mutum biyu suka rage masu fitar da harafi yadda ya kamata. Ɗaya Dije ce, ita kuwa da ma mita ta buɗe mata maƙogwaro. Ɗayan shi ne Dikko.

Dikko Bafulatani ne, rugarsu tana yamma da gari tun zamanin kakansa, suna kiwo suna noma. Ya girmi Malam da shekara uku, dogo ne marar yawan magana. Shekara ashirin da biyu ke nan da su biyun suka haɗa shanun huɗa: kowa ya kawo sa ɗaya, karkiya ɗaya, garma ɗaya. Da rani shanun suna gidan Malam suna cin harawa da dusa, da damina suna hannun Dikko da babban ɗansa Umaru. Bana a fara huɗe gonar wannan, baɗi a fara da ta wancan. Ba takarda, ba shaida, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Duk Juma'a za ka gan su sun jero daga masallaci, Dikko ta hagun Malam da sandarsa a kafaɗa, Malam yana zuba, Dikko yana jefa kalma ɗaya-ɗaya.

Shanu sun zo sun wuce a cikin shekarun nan, amma duk san da Malam ya mallaka suna ɗaya yake ba shi, Socius, mutanen gari kuma su mai da shi Sokiyo. Dikko ne yake zaɓo masa su. A nan ne Malam yake da wani ɗan ƙulli a zuci wanda bai taɓa furtawa ba. San Dikko, Daneri, fari ne tas, dogon ƙaho, in ya tsaya sai ka sake kallo. Sokiyon ƙarshe kuwa baƙi-baƙi ne mai tumbi, ƙahonsa ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa, kamar sun yi faɗa. Aiki dai ba a magana, shekara biyar suna fitar da kunya miƙaƙƙiya shi da Daneri. Amma duk lokacin da Malam ya gan su a jere sai ransa ya sosu, ya ce a zuciyarsa wannan ai ba par ba ne.

Bana da rani Sokiyo ya tsufa, haƙora suka zube, ya fara barin harawa. Dikko ya duba shi ya ce a sallame shi. Aka ba mahauta, Malam kuwa ya yi mako guda bai sa nama a bakinsa ba. Suka yi shawarar za su je kara, kasuwar shanu, tare su nemo wani, sai ga saƙo daga wajen Doguwa, inda garken Dikko ya yi rani, cewa ana nemansa. Da zai tafi ya ce wa Malam ya jira shi kwana goma, lokaci bai ƙure ba.

Da Malam ya jira ɗin, da babu labari. Abin da ya hana shi Surajo ne, wani manomi mai baki da ke majalisarsu ta gindin darbejiya. Shi ma san huɗa ɗaya ya rage masa, kuma kowa ya san ya daɗe yana zawarcin Daneri ta hannun Umaru. Umaru mutum ne mai iyali, ya haura arba'in, kuma ba ya ɓoye cewa a ganinsa haɗa kai da mai jini a jika ya fi haɗa kai da tsohon hedimastan da ke zuwa gona da lema. To ranar, ana hira, sai Surajo ya ce ai tarayyar Malam da Dikko tana burge shi, sa na Malam, ido na Dikko, hannu na Umaru, shi Malam nasa rakiya. Aka yi dariya. An yi rashin sa'a kuma Surajon ta hagun Malam yake zaune, don haka ko harafi ɗaya bai ɓace ba.

Maganar ta yi wa Malam ciwo, don ya san akwai gaskiya a ciki. Shekara ashirin da biyu yana kiran kansa socius, ashe ɗan rakiya ake ganinsa. Ya kuma san in damina ta sauka ba shi da sa, Umaru ba zai bar Daneri ya zauna haka ba, zai kai shi ga Surajo, kuma abin da aka haɗa tun gashinsu yana baƙi ya watse ke nan. Da ya koma gida ya ari tef ɗin awo wajen telan unguwa, ya shiga garke, ya auna Daneri daga ƙasa zuwa tozo, daga ƙaho zuwa ƙaho, ya zagaye ƙirjinsa, ya rubuta duka a takarda. Dije tana tankaɗe tana kallonsa.

"Malam, riga za ka ɗinka masa?"

"Tsara zan nemo masa."

Ta tuna masa Dikko ya ce a jira shi. Ya juya mata kunnen dama.

Ranar kasuwa ya hau mota zuwa karar Tudun Wada. Dillalai sun ga masu duba haƙori, sun ga masu latsa tozo, amma ba su taɓa ganin mai tef da takarda ba, don haka kafin hantsi ya tara 'yan kallo. Ya auna shanu sun fi goma, wannan ya gaza da yatsa uku, wancan ƙahonsa ya buɗe da yawa. Can wajen azahar sai ya hango shi a ƙarshen layi, fari tas, dogon ƙaho, har ɗan baƙin da ke bakin hancin Daneri yana da shi. Ya ɗora tef, awo ya zo cif. Malam ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ƙafa, ya ce abin nema ya samu.

Mai san, wani Mu'azu daga Burumburum, mutumin kirki ne. Ya ce san ya yi damina biyu yana huɗa, abokin karkiyarsa ne ya mutu shi ya sa zai rabu da shi. Da aka daidaita, kafin a sa albarka, sai ya dakata.

"Malam, na dama ne fa. Na gida na hagu ne ko?"

"Shi ma na dama ne," in ji Malam. "Ka ga kamar ta cika ke nan."

Mu'azu ya gyara tsayuwa ya yi masa bayani dalla-dalla. San huɗa gefe ɗaya yake koya. Wanda ya saba da dama, wuyansa da ƙafarsa da yadda yake juyawa a ƙarshen kunya duk na dama ne, na hagu ma haka. Malam ya saurara da irin murmushin da yake yi wa iyayen yara in sun zo koya masa aikinsa. Ya ce dama da hagu ai wurin tsayuwa ne kawai, shi da ya shekara talatin da biyar yana ɗauke yaro daga wannan benci zuwa wancan, bai taɓa ganin wanda karatunsa ya zube a hanya ba. Mu'azu ya ce wancan yaro ne, wannan kuwa sa ne. Malam ya jawo masa similis da par, har da ɗan tarihin Rumawa. Mu'azu ya dubi dillali, dillali ya dubi sama, aka sa albarka. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho.

A-kori-kura ta sauke san a ƙofar gida da la'asar, unguwa ta fito kallo. Da aka tsayar da shi kusa da Daneri, ko Dije sai da ta riƙe haɓa, don ba ka bambance su sai ka matso. Malam ya karya al'adarsa ta shekara ashirin da biyu, ya ce wannan ba Socius ba ne, sunansa Similis. Ya aika aka gaya wa Surajo ya zo ya ga aikin ɗan rakiya.

Dikko ya dawo ana gobe za a yi ruwan shuka, sama ta riga ta haɗe ta gabas. Ya zo da Umaru, aka gaisa aka tambayi hanya, sannan Malam ya ja su garke yana ta faɗaɗa murmushi. Dikko ya zagaya san sau biyu. Ya buɗe bakinsa ya duba, ya ɗaga ƙafarsa, ya ce lafiyayye ne. Sai ya sa tafin hannu a wuyansa, inda karkiya take zama, ya shafa wannan gefe ya shafa wancan, hannun ya tsaya.

"Wane gefe aka ce maka, Malam?"

"Dama. Kamar naka."

Umaru ya buɗe baki, Dikko ya dube shi, ya rufe. Dikko ya ce to, Allah ya sa albarka, amma yana ganin a fara gwada su a bayan ruga, inda ba idon mutane. Malam ya ce a'a, bana gonarsa ce farko, a can za a gwada. Gonar tasa kuwa a bakin hanya take, inda duk mai fita gari sai ya bi. Dikko ya ce to, yadda Malam ya so.

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Washegari da safe kowa ya fito da shanunsa, amma da yawa suka tsaya a bakin gonar Malam, don labarin tagwayen shanu ya zaga gari. Surajo yana sahun gaba. Malam ya zo da farar riga da lemarsa. Aka sa Daneri a damansa, aka sa Similis a hagu, aka ɗaura karkiya, Umaru ya kama garma, Dikko ya riƙe igiya a gaba. A tsaye kam, ba a taɓa ganin shanu masu kyau irinsu a Dangora ba, Malam har ya ji idonsa ya ciko don daɗi.

Umaru ya yi musu tsawa suka taka. Taku biyar aka yi lafiya. A na shida Similis ya tuna cewa ba nan ne wurinsa ba, ya fara turawa dama, yana neman ya zagaya ya koma inda ya saba. Daneri kuwa shekara biyar yana nan wurin, bai ga dalilin da wani baƙo zai ture shi ba, ya tokare. Wannan ya tura, wancan ya tura, garma ta bi su, kunya ta fara lanƙwasa. Umaru yana ja yana faɗa da Fulatanci, Dikko yana lallashi, shanun suka zagaya suka dawo inda suka fara, suka bar wata kunya zagayayya kamar bakin faifai. Daga nan kowanne ya watsa gindinsa waje, suka juyo suna fuskantar Umaru, karkiya ta kife a wuyansu. Malam ya ruga zai taimaka, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a cikin taɓo, Similis kuma ya ɗora ƙafa a kan lemar.

Da aka tabbatar bai ji ciwo ba, dariyar da aka danne ta ɓalle. Surajo ya share hawaye ya tambaya ko irin kunyar Rumawa ke nan. Aka sake gwadawa sau biyu, har aka musanya musu gefe, abin bai sake zani ba, don duk wanda aka kai hagu sai ya nemi dama. Da rana ta take aka kwance su. Malam yana tsaye da taɓo har ƙeya ya ga Surajo ya ja Umaru gefe, ya ga Umaru ya dawo yana yi wa mahaifinsa magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Bai ji ba, ko ya ji ma ba zai gane ba, amma ya san abin da ake faɗa. San Surajo na hagu ne.

Ya koma gida ya yi wanka ya shige ɗaki, abincin rana ma ya ce a ɗauke. Dije ta bar shi ya huce, sannan ta leƙo ta ce ita da ma tun ranar ta so ta tambaye shi, in ya je sayen takalmi, na ƙafar dama biyu yake ɗaukowa don sun fi kama da juna? Malam ya juya fuskarsa bango. Da ta ga abin ya wuce wasa sai ta zauna, ta ce masa kama da wane ba ta wane, amma sa dai sa ne, ba a kansa aka fara kuskure ba. Shi kuwa ba dariyar mutane ce ta fi cinsa ba. Abin da ya fi cinsa shi ne gonar Dikko, wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, za ta rasa ruwan farko saboda girman kan wani.

Bayan la'asar ya sa hula ya nufi ruga. A hanya ya tsara maganarsa tsaf: zai ce wa Dikko ya haɗa Daneri da san Surajo tun ƙasa tana da laima, shi kuma zai nemi masu huɗar haya, tarayya ta yi albarka, Allah ya saka. Yana maimaitawa zuciyarsa tana nauyi, don ya san ba shanu kaɗai zai sallama ba, har da tafiyar Juma'a da hirar kan hanya. Irin waɗannan abubuwa ba a cewa an daina, sai dai a ga sun daina kansu.

Bai sami kowa a ƙofar ruga ba, sai ya ji muryar Dikko ta baya. Ya zagaya. A wani fili ga shanun biyu cikin karkiya, an ɗaura musu gungumen itace a maimakon garma. Similis yana dama, ya miƙe wuya yana tafiya kamar gonar ubansa. Daneri ne a hagu, yana tirjiya yana huci, Dikko yana gefensa da hannu a tozonsa yana yi masa magana a hankali. Umaru yana riƙe da igiya, fuskarsa a murtuke, amma dai yana riƙe.

Malam ya yi sallama, ya fara karanto abin da ya tsara. Dikko ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce ya riga ya ba Surajo amsa tun da rana, ya ce masa a'a. Ya ce sabon sa baƙo ne, yaro ne, bai san muryar kowa ba, in aka ce shi zai sake gefe sai damina ta ƙare ana fama. Daneri kuwa a hannunsa ya tashi.

"Wanda ya san gida shi yake matsawa, Malam. Kwana goma zai yi, ko ƙasa da haka."

"Gonarka fa? Masara ba ta jira."

"Sai mu sa dawa da wake. Su suna jira."

Malam ya dubi Daneri yana tirjiya a hagu. Sai ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan reshe, ya ce a ba shi aiki. Umaru ya dubi mahaifinsa, ya miƙa wa Malam igiyar.

Kwana tara aka yi. Kullum da sanyin safiya Malam yana bayan ruga da ƙwaryar dusa da ɗan kanwa, ba lema. Ya koyi inda ake tsayawa kada a taka ka, bayan an taka shi sau biyu. Ya koyi cewa a ƙarshen layi sa ɗaya ne yake tsayawa ya zama turke, ɗayan ya zagaya, kuma duk wahalar Daneri a nan take, don aikin da ya saba ya koma na ɗan'uwansa. Igiya ta sale masa tafin hannu, Dije tana shafa masa man kaɗanya tana cewa ga hedimasta ya koma aji ɗaya. Umaru ma ya sauko, har a kwana na shida ya ce Baba Malam ya fara iya juya su. Wannan yabo ya fi wa Malam duk takardun da ke rataye a bangon ɗakinsa daɗi.

A kwana na goma aka koma gonar bakin hanya. Maƙwabta duk sun gama, masararsu har ta fara leƙowa, don haka 'yan kallo ba su kai na farko ba. Umaru ya kama garma, Malam ya riƙe igiya, Dikko ya tsaya a gefe da sandarsa. Shanun suka taka tare. Kunyar farko ta ɗan yi ciki a tsakiya, ta biyu ta fi ta, daga ta uku kuwa suka miƙe har gindin ɗorawar da ke iyaka. Surajo ya zo wucewa a kan babur, ya rage gudu, ya duba ya sake dubawa, ya ce sannunku da aiki, Malam. Malam ya amsa masa da fara'a, don ya ga ba shi da sauran abin riƙewa.

Da rana ta yi zafi Umaru ya kai shanun inuwa, tsofaffin biyu suka kamo hanyar gari a jere. Malam ya ce shi dai har yanzu abin yana ba shi mamaki, a ce sa ya shekara biyar a gefe guda, a cikin kwana tara ya haƙura ya koma ɗayan, bai kuma riƙe kowa a zuci ba.

"Ana komawa," in ji Dikko. "Ni ma da na dama ne."

Malam ya tsaya ya dube shi.

"Da can ai ta damanka nake tafiya, tunda na girme ka. Bayan zazzaɓin nan naka sai na ga ina magana kana kallon gaba. Na zagayo nan." Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Na fi Daneri saurin koya, Juma'a biyu na yi."

Malam ya laluba shekara goma sha biyar a ransa, masallaci, kasuwa, zaman makoki, bakin gona, bai sami rana ɗaya da Dikko ya tsaya masa a dama ba. Shi kuma duk tsawon lokacin yana yawo yana yabon yadda mutumin yake fitar da harafi. Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya fi kunyar yawa. Ya nemi kalmar da ta dace a cikin huɗun nan nasa, ya ga duk wadda ya ɗauko sai ta yi masa kaɗan, ya bar su.

"Dikko," ya ce, "kunnen nan nawa na dama fa ba ya ji."

"Haba?" in ji Dikko. "Allah ya sawwaƙe."

Suka kama dariya a tsakiyar hanya, har wata mai tallan gyaɗa ta ratse ta ba su wuri.

Da ya isa gida ya wanke ƙafa ya zauna a tabarma a inuwar rumbu. Dije ta fito daga madafa da kwanon dambu. Ta damansa ta ɓullo, nan ne kusa, ga wuri a shimfiɗe. Amma sai ta bi ta bayansa, ta zagaya, ta ajiye kwanon, ta zauna a hagu tana tambayarsa yadda aka ƙare da shanu. Malam ya zuba mata ido.

"Ke ma?" ya ce.

"Ni ma me? Ci abincinka kafin ya huce."